Sa'ar da Aka Haifi Tasi'u

Gummi,
Jihar Zamfara.

Zuwa ga ƙanwata Safiya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidanki Malam Yakubu da yara duka, Ya kuma sauƙaƙa miki ciwon gwiwar da kika ce ruwan saman Fatakwal yana tayar miki. Mu a nan sai godiya. Inna tana nan da ƙarfinta, idon hagu ne kawai yake ƙara yi mata yana. Gero ya yi kyau a Bukkuyum bana, wake ne tsutsa ta ɗan taɓa. Rakiya, matar ƙanenmu Isa, ta sauka lafiya, an samu ɗiya, an raɗa mata Khairat. Hanyar Anka kuwa ana bin ta da rana, da addu'a, Allah Ya kawo mana ƙarshen abin.

Na zaɓi rubutu a kan waya ne don na san halinki. Da zarar na ambaci sunan ɗanki na fari za ki ce tukunyarki tana kan wuta. Takarda kuwa ba a katse ta. Bari in fara da abin da ya fi muhimmanci, kamar yadda aka koya mana a aikin jarida: Tasi'u ya tafi Sakkwato, ya yi rajista a makarantar kiwon lafiya kafin a rufe, kuma ya samu ɗakin kwana. Ki kwantar da hankalinki. Amma saura kaɗan gurbin ya kuɓuce masa, kuma ya kamata ki san dalili, don kina ciki.

Inna ce ta aiko a kira ni. Ta ce yaron da ta goya tun yaye, wanda ya yi shekara yana addu'ar samun makarantar nan, ga shi an ba shi ya ce ba zai je ba, ya rage cin abinci, ya daina zama da samari. Na hau mota na tafi Bukkuyum. Ban yi masa faɗa ba, na dai zauna da shi a zaure ina ta tambaya har ya buɗe wayarsa ya nuna mini. Wata manhaja ce da ke zana wa mutum taswirar taurari ta ranar haihuwarsa, sannan ta gaya masa abin da wai zai same shi. Tasa ta ce tauraron da ke riƙe da ragamar rayuwarsa, Mirriku, ya faɗa a gida na tara, gidan tafiye-tafiye, kuma gida ne marar ƙarfi, saboda haka duk tafiyar da zai yi nesa da gida asara ce ko rauni. Malam Shitu limamin unguwarsu ya riga ya gaya masa cewa gaibu na Allah ne, duba kuma haramun ne. Yaron ya yarda, ya yi istigfari, amma tsoron bai fita ba, sai ma ya ƙaru da kunya. Shi ya sa ya yi shiru.

Na gode Allah da abin bai zo mini baƙo ba. A shekarun da nake jarida na taɓa karanta tarihin wannan fanni, karatun tarihi ba na imani ba. Tsarin ya fito ne daga masu magana da harshen Girka da suka zauna a Masar wajen shekara dubu biyu da suka wuce, daga baya aka fassara littattafansu zuwa Larabci, shi ya sa kike jin sunaye kamar Mushtari da Zuhalu a bakin tsofaffin malamanmu. Sun raba sama gida goma sha biyu. Huɗu daga ciki, wato na ɗaya da na huɗu da na bakwai da na goma, su ne masu ƙarfi a wurinsu, Larabawa suka kira su turaku, kamar turken da ake ɗaure doki. Huɗu da ke biye da su matsakaita ne, sauran huɗun kuma faɗaɗɗu, na tara yana cikinsu. Gida na ɗaya shi ne burujin, wato rukunin taurarin, da ke ɓullowa daga gabas a daidai lokacin da jariri ya faɗo, tauraron da aka ba wannan buruji kuma shi ne shugaban taswirar. To ga inda maganar take: burujin gabas yana canzawa kusan duk bayan awa biyu. In sa'ar haihuwa ta goce, shugaban ya canza, gidajen duka sun juya. Ko a ƙa'idar masu abin, taswirar da ba a san sa'arta ba ba taswira ba ce.

Sai na tambaye shi wa ya gaya masa sa'ar da aka haife shi. Ya sunkuyar da kai ya ce ke ya kira. Ya ce da ya tambaye ki, sai kika ce ba ki sani ba, ya je ya tambayi uwarsa, kina nufin Inna, kika kashe waya. Shi kuma ya ji nauyin tambayar Inna kada ta gane abin da yake yi, ya bar wurin babu komai, manhajar ta cika da kanta ta sa tsakar rana. Ni na san kunyar ɗan fari ce ta sa ki haka, irin wadda Inna ta yi mini, har yau ba ta taɓa kiran sunana ba. Amma shi ɗan zamani ne. Ya ɗauka kin san wani mugun abu game da haihuwarsa kike ɓoye masa, manhajar kuma ta zo ta tabbatar.

Na ce ya taso mu shiga cikin gida. Mun tarar da Inna da Gwaggo Laraba a inuwa suna ɓarar gyaɗa, na tambaye su kai tsaye. A kan rana babu gardama, duka sun ce bayan Babbar Sallah ne, naman layya bai ƙare ba. A kan lokaci ne aka rabu. Inna ta ce da hantsi ne, don ta shanya nama a rana ke nan aka kira ta. Gwaggo ta ce Inna ta tsufa, bayan la'asar ne, ita da ta sallame salla ta ji kukan jariri, kuma ita ta rangaɗa guɗa. Inna ta ce ai Laraba ba ta taɓa yin la'asar a kan lokaci ba, ba a kafa hujja da sallarta, guɗar ma sai da aka yi wa yaro wanka ta iso. Gwaggo ta ce to a tambayi naman, tun da shi ne agogon Inna. Babu wadda ta sauka daga kan maganarta.

Na karɓi wayar na sa hantsin Inna. Nan take Mirriku ya sauka daga mulki, Mushtari ya hau, kuma a gida na goma, turke mai ƙarfi, gidan ɗaukaka. Da na fassara musu, Inna ta ce ta faɗa, ita ba ta haifi jikan banza ba, a rubuta nata. Na sa la'asar ɗin Gwaggo, sai ga Uɗaridu a gida na takwas, wanda suka kira gidan mutuwa da gado. Gwaggo ta yi salati ta ce a cire nata, wataƙila ma azahar ce ta yi a makare. A nan Tasi'u ya fashe da dariya, irin wadda ke zuwa da hawaye. Ban ƙara masa wa'azi ba. Na dai ce masa a zama ɗaya ya zama gwamna, ya zama gawa, ya zama matafiyi marar sa'a, kuma abin da ya raba ukun shi ne shanyar nama da sallar Gwaggo. Shi da kansa ya goge manhajar. Washegari ya ce in raka shi tasha.

Ba zan ce miki ya warke sarai ba. A tasha, bayan ya sa jakarsa a mota, ya dawo ya tambaye ni ko na tabbata babu abin da kike ɓoyewa. Na ce masa abin da kike ɓoyewa shi ne abin da kowace uwa a gidanmu take ɓoye wa ɗanta na fari, kuma ba sharri ba ne. Ya yi murmushi, amma na ga daga bakinki yake so ya ji, ba daga nawa ba.

Saboda haka ga roƙona, Safiya. Na san ke kin san sa'ar, babu uwar da ke mantawa. Kada ki gaya masa, ki riƙe abinki, ba shi da amfani da ita. Amma ki kira shi. Ba sai kin faɗi sunansa ba, ki ce yaron Inna kamar yadda kika saba. Ki tambaye shi ko ya ci abinci, ko ɗakin yana da sauro, kuma in ya yi shiru kada ki ce tukunya tana kan wuta. Ki bari shi ya fara kashe wayar.

Ki gaishe mini da Malam Yakubu, da Hamdiyya da Zinatu da ƙaramin Bature. Inna tana gaishe ki, ta ce in gaya miki da hantsi ne. Gwaggo Laraba ma tana gaishe ki, ta ce ke ce shaida, amma kada ki faɗa sai kin zo gida. Isa da Rakiya suna gaisuwa. Allah Ya tsare ku, Ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ni ne yayanki,
Zakariyya.