Dinyoyi Biyar na Tafkin Bomo

Bomo, 6 ga Maris, 2006

Zuwa ga Maigirma Malam Elias, Sakataren Ƙungiyar Masu Kallon Tsuntsaye, Sabon Gari, da shugabannin da ke sama da shi.

Bayan gaisuwa mai yawa tare da ladabi, ni ne Jafaru, mai ƙidaya muku tsuntsaye a bakin tafki, wanda ya karɓi shaidar yaƙi da jahilci bara. Da hannuna na rubuta wannan.

Na hango dinyoyi biyar da babu hotonsu a littafin da kuka ba ni. Bakinsu ja ne irin na dinyar daji, amma tumbinsu yana jan ƙasa irin na ta gida. Takardar ƙidaya kuwa layi biyu gare ta, "na daji" da "na gida". Ina zan sa su? Madam Nwamaka mai kiwo ta ce nata ne, in daina leƙen dukiyar mutane da madubin hangen nesa.

Naku mai biyayya,
Jafaru


Sabon Gari, 8 ga Maris

Malam Jafaru, sannu da aiki.

Ruwa-biyu ne. Namijin daji ne ya saba da dinyar Madam. Ka san ana murar tsuntsaye. Ranar Litinin jami'an dabbobi za su zo Bomo su kashe duk na gida, kuma takardarka za su bi. Ka sa "na daji", matar ta tsira da kiwonta.

Elias


Bomo, 9 ga Maris

Maigirma Sakatare, bayan gaisuwa irin ta girmamawa.

Na karanta takardarka sau uku. Shekara hamsin da biyu na yi ina dangwala yatsa a kan abin da wasu suka rubuta. Ba zan fara da ƙarya ba yanzu da alƙalami ya zo hannuna.

Madam kuma, da ta ji labarin zuwan jami'an, sai ta juya. Jiya ta tare ni tana rantsuwa ba ta taɓa ganin tsuntsayen nan ba, alhali suna tsaye a bayanta suna cin dusarta. Da na nuna mata su, sai ta ce, "Baba Malam, ai baƙi ne, in kore su?"

Ina roƙon shugabanni su ƙara layi na uku.

Naku,
Jafaru


Sabon Gari, 10 ga Maris

Malam Jafaru, babu layi na uku. Don Allah ka zaɓi ɗaya kafin Litinin.

Elias


Bomo, 12 ga Maris

Maigirma Sakatare, ina gaisuwa.

Tunda an bar ni ni kaɗai da nauyin, na bar wa tsuntsayen su zaɓa. Yau da hantsi muka kora su bakin tafki, na buga garwa da ƙarfi. Uku suka tashi suka ƙetare ruwa, na rubuta "na daji". Biyu suka yi ta kaɗa fuka-fuki a banza, Madam tana bin su da zane tana cewa su tashi don Allah. Da ƙafa suka koma ƙofarta. Na rubuta "na gida".

Ta ce ba za ta jira a ƙona su a rami ba, lafiyarsu ƙalau. Ta miƙo mini wuƙa, wai tunda ni na rubuta, ni zan yanka, don maƙwabta Musulmi su iya ci. Na yanka. Har yanzu ba ta amsa gaisuwata ba.

An yi wannan a gaban Malam Abdulrahim ladan, da Chuks mai walda, da Bibiana ƙanwar Madam.

Naku mai biyayya,
Jafaru