A Zo A Ƙirga Wa Malam Ilu Kuskurensa

Daga Babban Alƙalin Filayen Harbi na New Mexico da kewaye, zuwa ga 'yarmu Kubura Ilu, can Alaska.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, muna roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, Ya tsare ki daga sanyin garin nan naku da aka ce hawaye ma daskarewa yake. Ofishinmu ya leƙa gidanku ya tarar da kowa lafiya. Mahaifiyarki Darlene ta gasa koren barkonon bana ta cika firiza, gwiwarta kuma ta yi sauƙi. Akuyar nan mai cin igiyar shanya ta haifi biyu. Akwai kuma wani haziƙin saurayi a gidan, Tasi'u, ɗan ƙanwar mahaifinki, wanda duk jihar nan ake yabon hankalinsa. Shi ma ƙalau yake.

Mun ji kin sake ciwo lamba a harbinku na jami'a, Allah Ya ƙara basira. Mun kuma ji kin ce namu harbin wasan tsofaffi ne da suka ƙi girma. Ba mu musa ba. Ku kuna shiga riga mai tauri kamar fatar kada, ku ƙame, ku riƙe numfashi, ku harbi ɗigon da bai kai ƙwayar gero ba, na'ura ta auna ta faɗa, ko tari ba mai yi. Masu harbin faifan yumɓu a sama su ma ba su da gardama, ko ya fashe ko bai fashe ba. Mu kuwa sai mutum ya ɗora malafa, ya ajiye sunan yanka ya ɗauki laƙabi, ya rataya ƙananan bindigogi biyu a ƙugu, ga doguwa ga mai baki biyu, duka irin na kakanni. Farantan ƙarfen ga su nan kusa, manya-manya, sauri ake nema, wanda ya kuskure ɗaya a ƙara masa sakan biyar. Kuma ba na'ura ke faɗa ba. Mutum uku ne ke tsaye a baya suna kallo suna sauraron ƙarar ƙarfe, in sun yi kokwanto a bar wa mai harbi. To, daga nan matsalar ta fito.

Kin san idon mahaifinki ya ja baya, kunnen ma sai an ɗaga murya. Ashe tun bara masu ƙirgan nan uku, Virgil da Opal da Eusebio, abokansa na shekara da shekaru, suke rage masa kuskure ɗaya-ɗaya. Ba haɗa baki suka yi ba, kokwanto ne dai yake kama kowannensu da zarar an kira laƙabinsa, Tsohon Shaho, kan layi. A gasar watan jiya suka zarce, suka kuma yi wautar da ta tona su. An shafa wa farantan sabon farin fenti da safe, kuma mahaifinki ne na farkon harbi. Ya saki goma da doguwa, su uku suka ɗaga dunƙulallen hannu, wato babu kuskure. Da aka sauke bindigogi aka buɗe fili, maimakon ya koma inuwa sai ya taka har gaban farantan, ya gyara tabarau ya ƙirga tabo. Bakwai ya gani. Da yamma wajen cin wake da gasasshen nama aka kira shi a ba shi lambar wanda ya gama gasa ba kuskure, wadda tun ba a haife ki ba yake nema. Ya karɓa, ya taka ya tsoma ta a cikin waken Virgil, ya ce ya haɗa da ita ya cinye.

Washegari Virgil ya zo gida da malafa a hannu, ya rantse cewa a shekarunsa ko haƙoran bakinsa ba ya iya ƙirgawa daidai. Opal ba ta ba da haƙuri ba, ta ce wa mahaifinki tsohon jaki mai taurin kai, ita ta ji ƙarar ƙarfe, in ya ga dama ya kai kunnenta kotu. Ya ce mata an kira shi sunaye iri-iri a ƙasar nan, amma ba a taɓa yi masa sadaka da harsashi ba sai a hannun abokansa, kuma gara ya zo na ƙarshe da kuskurensa da ya zo na farko da tausayinsu. Tun ranar bai sake taka filin ba. In Asabar ta yi, ranar harbi, sai ya zauna a baranda yana kallon titi, ba ya cinye abincinsa. Ya ce ƙarshen watan nan zai kai bindigogin huɗu kasuwa ya sayar. Kin san ban da filin nan ba shi da wata majalisa.

Darlene ta tambaye shi ko akwai wanda zai yarda da ƙirgansa. Ya ce mutum ɗaya ne bai taɓa rage masa komai ba, yarinyar da tun tana firamare ta gaya masa a gaban jama'a cewa hannunsa karkace yake. Don haka ofishinmu na umurtar ki da ki zo kafin wata ya ƙare ki tsaya cikin ukun nan. Ba sai kin harba ba. Amma doka doka ce, sai kin sa doguwar riga mai leshi da hular kakar Opal, an kuma zaɓa miki laƙabi, Malama Ba Sani Ba Sabo. Duk wanda ya kuskure ki ɗaga yatsa sama kowa ya gani. Wataƙila Kawu ya zo na ƙarshe. Bar shi ya zo, shi abin da yake so ke nan.

Darlene na gaishe ki, ƙaninki Zakari na gaishe ki, in kun yi waya da Goggo Talatu ki miƙa mata gaisuwa. Allah Ya kawo ki lafiya.

To, na san tun da na ce Kawu kin gama gane ni. Babu wani Babban Alƙali, ni ne, a kan bencin shagon taya nake rubutun nan. Da kin ga sunana a sama, cewa za ki yi wata tsiyar ce ki ajiye ba ki karanta ba. Kawu bai san na rubuto ba, kada ki gaya masa. Ki dai zo, Kubura.

Naki taubashi, wanda bai taɓa roƙon ki komai ba sai yau,
Tasi'u