Farantan Solar Rijiyar Layin Masaƙa

Furera Lawal (Ungozoma),
Layin Masaƙa, Ƙofar Durɓi,
Katsina.
4 ga Maris, 2024.

Zuwa ga Mai Girma Kansila
mai wakiltar mazaɓarmu.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: CIRE FARANTAN SOLA DAGA RIJIYAR BURTSATSE ZUWA GIDAN KALLON ƘWALLO

Bayan sallama irin ta addinin Musulunci da gaisuwar ban-girma, tare da fatan kana lafiya da iyali da jama'a. Ni ce mai suna a sama, shekarata ashirin da biyu ina karɓar haihuwa a wannan unguwa. Ina gabatar da koke kamar haka:

1. Ranar Juma'a, 12 ga Janairu, kwamitin raya layinmu, ƙarƙashin Alhaji Yari mai gidan kallo, ya sa aka kwance farantai shida cikin goma da ke tayar da injin rijiyarmu, aka ɗora su kan rufin gidan kallon. Hujjarsu ita ce babu wuta, ga gasar kofin Afirka ta zo, kuma ƙasa na buƙatar goyon baya. An ce aro ne. Ba a tambayi mace ko ɗaya ba, alhali mu ke ɗibar ruwan.

2. An gama gasa ranar 11 ga Fabrairu. Da na je da kaina, Alhaji Yari ya ce in yi haƙuri, wasannin Turai ba su ƙare ba. Na bincika, an ce mini sai watan Mayu, kuma da an huta kaɗan wasu za su fara.

3. Farantai huɗu ba sa cika tanki. Kafin hantsi famfo ya ƙafe. Masu hali na sayen ruwan 'yan garuwa; sauranmu mun koma tsohuwar rijiyar da aka rufe saboda kusancinta da masai.

4. Ranar 21 ga Fabrairu na karɓi haihuwar Madina, matar wani ɗan acaɓa. Ruwan da na wanke ta da jaririyarta, butocin alwala ne aka bi gida-gida aka tattaro. Ina cikin yanke cibiya unguwa ta ɗauki ihu, har na zaci gobara ce. Ashe ƙwallo aka ci a wata ƙasa da babu wanda ya taɓa zuwa cikinmu.

5. Amai da gudawa sun shiga gida uku. Baba Zakari mai gyaran takalma ya rasu ranar 26 ga Fabrairu. Ban ce ruwa ne ya kashe shi ba, rai na Allah ne. Amma na san ruwan da ya sha.

6. Ba zan ɓoye ba: maigidana, Malam Sada, na cikin waɗanda suka ɗaga hannu aka cire farantan. Mutum ne mai tsoron Allah, tun da kasuwa ta juya masa baya ba ya dariya sai a gaban talabijin ɗin nan. Na san abin da kallon ke ɗauke wa maza. Ban zo neman a rufe musu ba. Bai san na rubuta wannan takarda ba, kuma na san abin da zan tarar in ya ji.

Don haka ina roƙon Mai Girma, cikin ƙasƙantar da kai, ya ba da umarnin mayar da farantan kafin azumi ya kama mako mai zuwa, a sake rufe tsohuwar rijiya, a kuma sa mata biyu cikin kwamiti.

Idan Mai Girma na son jin ta bakin 'yan kwamitin, ba sai ya wahala da aike ba. Ya zo ranar Asabar da ƙarfe huɗu na yamma. Zai same su duka a ɗaki ɗaya, ba mai fashi.

Allah ya ƙara girma, ya sa ka gama lafiya.

Mai biyayya gare ka,
Furera Lawal