Farin Yadin Kawunka Syamsuar

Kambang, ranar Talata

Zuwa ga ɗana Darwis,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da matarka Yenti da jikokina. Allah ya tsare ka daga ƙarfe da wutar walda a wurin gyaran jiragen ruwan nan na Batam. Mu nan da sauƙi. Ruwa ya yi yawa bana har shinkafar bayan gida ta kwanta, ƙanwarka Erni kuma ta sauka lafiya, namiji. Na ba Ujang ɗan maƙwabta takardar ya danƙa maka hannu da hannu, tunda wayarka ta zama ta ado, kullum na kira sai wata mata ta ce wai ba a same ka ba.

Darwis, kawunka Syamsuar ba shi da lafiya, kuma ba irin ciwon da ake shafa wa mai ba ne. A wajen wani biki a Painan ya faɗi, yana zaune a tabarma ya tokare gogensa da ƙafa yadda ya saba, yana tsakiyar waƙa sandar gogen ta suɓuce masa. Hannun hagu ya mutu. Yatsun nan da suka yi shekara da shekaru suna yawo a kan tsirkiya, yau ko cokali ba sa riƙewa. Tunda matarsa ta rasu, na dawo da shi gidan Innarmu, ɗakin da aka haife shi. Gogen yana rataye a bango, ya hana a taɓa, ya hana a rufe.

Ba mutuwa ce ke damunsa ba, kiɗan ƙarshen nan ne, na makoki, wanda ake rufe koyo da shi. Ka san daga kawunsa ya karɓa, shi ma daga nasa kawun, kuma ɗan 'yar'uwa kaɗai ake ba. Ɗan 'yar'uwarsa kuwa kai ne, ba wani. Mutanen da ya koya wa goge sun cika garin nan, duk sun zo. Tando, wanda yanzu yake kiɗa da lasifika kamar mai tallar magani, ya durƙusa ya roƙa, kawunka ya ce ya tashi kada ya ɓata wandon biki. Ɗansa na cikinsa, Alfian, har kuka ya yi, kawunka ya ce masa a al'adarmu shi ɗan dangin uwarsa ne, ya je nasa kawun ya koya masa kamun kifi. Na yi wa kawunka faɗa, na ce taurin kan nan ne zai kai kiɗan kabari, ya juya mini baya. Erni ta ɓoye waya a ƙarƙashin matashinsa don ta ɗauki muryarsa in yana rerawa shi kaɗai, ya gane, ya kulle baki har washegari ko ruwa bai nema ba.

Da ya ga ba ka zo ba, sai ya ce ni in riƙe maka, tunda ta wurina ka fito. Ni fa, Darwis! Ni da in na yi waƙa kaji ke watsewa. Yana rera mini da rabin baki, ina maimaitawa, kafin in gama kankare kwakwa ya gudu daga kaina. Jiya ya ce in mayar masa da abin da ya ba ni, na kai wani wuri na tsaya, na ce ya tuna mini. Ya nemi ya ɗora daga nan, ya kasa. Shi ma wurin ya ɓace masa. Tun muna yara ban taɓa ganin hawayen yayana ba sai jiya, kuma wallahi tsoro ya kama ni, don abin yana zubewa ne kullum.

Na san abin da ke ranka. Na san ya sha buga maka sandar goge a yatsu, yana ce maka mai kunnen katako a gaban mutane, har ka tattara ka tafi saura kiɗa ɗaya. Ban ce ya kyauta ba. Ban kuma ce ka bar aikinka ka dawo yawon biki ba. Ka zo ka zauna gwiwa da gwiwa da shi, ka karɓi abin da ya rage, in ka so ka koma da shi Batam ka adana.

Akwai kuma maganar farin yadi, wanda mai koyo yake kawo wa malaminsa ranar da zai sallame shi, a ajiye masa na likkafani. Duk waɗanda aka kawo masa ya aika da su masallaci don jana'izar marasa galihu, bai bar ko ɗaya ba. Da safen nan ya riƙe mini hannu ya ce, "Yusni, ko da ganyen ayaba za ku naɗe ni, kada ku sa mini yadin kowa in ba na Darwis ba."

Don Allah, don nonon da ka sha, ka sayi yadin ka hau jirgi. Ko ba jima ko ba daɗe kai ne za ka kawo shi gidan nan. Roƙona ka kawo shi tun yana iya miƙa hannun dama ya karɓa.

Erni da mijinta suna gaishe ka, Alfian ma haka. Ka gaida Yenti, ka shafa mini kan Rina da Dodi. Kawunka bai ce in gaishe ka ba, ya dai tambaya ko har yanzu kana yanke farcen hannun hagu yadda masu goge ke yi.

Mahaifiyarka,
Yusnimar