Jita Ta Biyu Ta Yi Shiru

Cikin alhini da nauyin zuciya, Ƙungiyar Makaɗan Rok ta Shillong ta karɓi labarin rasuwar tsohon mataimakin shugabanta kuma ɗan majalisar dattawanta, Bah Kyrshan Marbaniang, mai jita ta biyu a ayarin kiɗa na Lyer Pyrem, wanda ya cika da safiyar Talata a gidansu da ke unguwar Mawlai a birnin Shillong bayan jinya.

Sama da shekara talatin marigayin ya yi yana tsayawa a hagun abokin aikinsa, Bah Teibor Syiemlieh, suna kaɗa jita biyu a kan kari ɗaya. Bah Teibor ke ɗaukar muryar sama, wadda jama'a ke haddacewa suna rerawa a cikin tasi, Bah Kyrshan kuwa yana bin sa mataki biyu daga ƙarƙashi. Aikin ba kwaikwayo ba ne, domin tazarar da ke tsakanin muryoyin biyu takan ɗan buɗe a wani wuri ta ɗan tsuke a wani, kuma wanda ya kafe yatsunsa a tazara guda zai ɓata kiɗan tun kafin a yi nisa. Dole su ja tsirkiya lokaci ɗaya, su girgiza ta da sauri iri ɗaya, su sake ta tare. Idan abin ya yi kyau, mai sauraro ba ya jin jita biyu, sai ɗaya mai kauri da zaƙi. Wannan ya sa da yawa daga masoyan ayarin ba su taɓa jin kiɗan marigayin shi kaɗai ba.

Matasan da ya koyar kyauta a zauren unguwa, ko ana ruwa ko ba a yi, suna tuna yadda yakan tsayar da su yana cewa, “Kai jarumi, ina za ka? Ka baro ɗan'uwanka a baya! Rufe ido, ka saurare shi.”

Tun ranar Talata Ƙungiya ke samun tambaya a kan bikin kiɗa na ranar Asabar, wanda Lyer Pyrem za su rufe. Wasu sun ba da aron na'urar da ke ƙirƙiro murya ta biyu da kanta, wasu makaɗa kuma sun nemi su tsaya a gurbin marigayin. Muna godiya ga kowa. Bah Teibor, wanda da farko ya ce ya ajiye jita ke nan har abada, ya ba mu amsarsa jiya a gidan makoki: “Na'ura ta san lokacin da nake jan numfashi? Wannan ɗan rigimar ya sani. Ni na sha tafi, shi ya sha wahala. To, ku bar ni in kaɗa nasa.”

Ƙungiya ta amince da haka.

Muna miƙa ta'aziyyarmu ga uwargidansa, Kong Ibadahun Kharkongor, da 'ya'yansu, da 'yan'uwansa mata da ɗaukacin dangin Marbaniang, da kuma dattawan Mawlai. Allah ya ba su ƙarfin zuciyar ɗaukar wannan rashi, ya karɓi bawansa, wanda, kamar yadda muke faɗa a nan, ya tafi cin goro a gidan Ubangiji.

Za a yi jana'iza ranar Juma'a da rana, daga gida zuwa coci. Bikin Asabar yana nan. Bah Teibor zai tsaya a hagu, ya kaɗa muryar ƙarƙashi ita kaɗai, a karon farko a bainar jama'a. Muryar sama, wadda kowa ya haddace, Ƙungiya tana roƙon mahalarta su rera ta da bakinsu, kuma kada su baro shi a baya.

Sa hannu:
Kong Daphisha Nongrum
Sakatariyar Yaɗa Labarai
Ƙungiyar Makaɗan Rok ta Shillong