Bareyin Tsallaken Waya

Litinin, 28 ga Oktoba

Sun sake shigowa. Da na fita da safe na tarar da gefen tsibin ciyawar ya rufta, abin da ba su ci ba sun tattake sun yi fitsari a kai. Ciyawar da na yanka da hannuna don shanuna su ga ƙarshen sanyi. Manyan bareyin nan da ake kira elk kuwa suna can tsallaken wayar shinge, a filin attajirin nan da ya sayi gonar su Brekke ya hana farauta. Ɗaruruwa, kwance suna tuƙa. Orrin, mijina, yana zaune bakin taga tun da ɓarin jikinsa ya shanye, shi ne mai ba ni rahoto. Ya ce, "Marlys, baƙinki sun ce a gaishe ki, tuwon ya yi daɗi." Ban yi dariya ba.

Juma'a, 1 ga Nuwamba

Taron hukumar namun daji a gari. Wata yarinya ma'aikaciyarsu, Kendra Voss, ta nuna mana hoton da suka ɗauka daga jirgi, wai garken ya ninka abin da kwarin zai iya ɗauka. Sai da jirgi suka gane! Na miƙe na ce, "'Yar nan, ki zo ki ƙirga su a bayan gidana, ba sai kin ƙona mai ba." Aka tafa. Ta ce ba su da ikon tilasta wa mai fili ya buɗe ƙofarsa. To me kuke da iko a kai? Ni. A kaina kawai ikonsu yake.

Talata, 5 ga Nuwamba

Izinin harbin barewa mace guda biyu suka ba ni. Biyu, cikin wannan runduna.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Dabbobin nan sun fi hukumar wayo. Da gari ya waye suna bin tudun da ke ƙarshen filina su koma tsallake, kuma daga rafi zuwa tudun babu ko itacen da mutum zai raɓa. Yadi ɗari bakwai. Na je shagon Hollis na sayi dogayen harsasan nan masu siririn baki, waɗanda ba sa saurin sunkuyawa. Ya ce, "Uwargida, bindigar Orrin za ta kai, harsashin zai kai. Iskar tudun nan ce ba ta da mutunci." Na ce ya bar ni da ita, tare muka tsufa.

Alhamis, 14 ga Nuwamba

Kullum da yamma ina auna albarushi, ina ɗura, ina harbin farantin ƙarfe. Kafaɗata ta yi baƙi. Yau harsasan duk sun shiga wuri ɗaya, tafin hannu zai rufe su. Orrin ya ce faranti ba ya taku. Na ce shi ma haka.

Na yi nadamar faɗa. Ya fi ni dariya, amma dai.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Na harba. Wata mace ta tsaya kan tudun a gicciye, na riƙe numfashi, na ja kunamar bindiga. Na ji ƙarar shigarsa, amma ba irin wadda nake so ba. Ta ɗan durƙusa ta baya, ta miƙe, ta bi garke ta tsallake waya tana jan ƙafa.

Na kira mai gadin gonar, bai ɗauka ba. Na sake kira. Sai na ɗaga wayar shingen na shiga, da bindigata, a gaban allon da ya ce kar a shiga. Su kai ni kotu. Ba zan bar dabba da harsashina a cikinta don wani yana can birni yana shan iska ba. Jinin baƙi-baƙi ne, da ɗigon ciyawa a ciki. Na san ma'anar wannan: a tumbi na same ta. Na bi sawu har dusar ƙanƙara ta sauko ta rufe shi.

Lahadi, 17 ga Nuwamba

Ni na kira Kendra da kaina. Ba don komai ba, ita ke da lambar mai filin.

Ta zo da akori-kurarta, ta ce an ba mu izini. Ba ta yi min wa'azi ba, da ta yi da na ji sauƙi. Hankaki ne suka nuna mana wurin, cikin ciyayin bakin rafi. Tana kwance, da ranta. Diloli sun riga mu, sun fara ta ta baya, ita kuma ta ɗago kai tana kallonmu, tururi na fita daga hancinta. Kendra ta ce, "Mama, in yi?" Na ce a'a, nawa ne. Daga taku goma na ƙarasa ta. A madubin bindiga ban taɓa ganin gashin idonsu ba.

Naman ya lalace, kaɗan muka tsira da shi. Muna fiɗa ta ce shekara da shekaru take rubuta wa manyanta a ƙara izinin harbin matan bareyi, a zauna da masu manyan filaye, ba mai saurare. Ta ce, "Kina zagina a taro, su suna zagina a ofis." Sannan ta goge hannu ta rubuta min tarar shiga filin wani da na yi jiya. Na ce, "Ba ki da kunya." Ta ce, "Aikina ne, Mama." Na ba ta kofi daga gorata. Sanyi ne ya sa.

Talata, 19 ga Nuwamba

Hollis ya bugo, wai harsashin bai yi laifi ba. Wa ya ce ya yi?

Lahadi, 24 ga Nuwamba

Sun karya shingen tsibin kuma. Ban sauya ra'ayi ba ko kaɗan. Hukumar nan ragwaye ne, attajirin kuma yana kiwon namun daji da ciyawata. Wata mai zuwa akwai taro, zan je in faɗa da ƙarfi, ko Kendra na wurin ko ba ta nan. Na dai ce mata ta kawo takardunta in karanta kafin ranar.

Juma'a, 29 ga Nuwamba

Saura izini ɗaya, lokacin farauta na shirin rufewa. Na kwanta bakin rafi da safe. Wata babbar mace ta tsaya kan tudun, a gicciye, ko ciyawa ba ta motsi. Na daɗe ina kallonta cikin madubi. Ta gaji ta wuce.

Orrin ya ce bai ji ƙara ba. Na ce rana ce ta shiga idona. Ya dubi taga ya ce, "Hadari ne tun asuba, tsohuwa." Na ce ya sha kofinsa kafin ya huce.

Gobe zan zagaya ta kwazazzabon arewa, da rarrafe, in matso kusa da su. Gwiwoyina za su yi magana. Su yi.