Ngozi, Ban Je Tasha Ba

Zuwa ga ƙawata Ngozi,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu, da fatan kina lafiya, ke da Mama da ƙannenki. Ni ce Saratu, 'yar Malam Yohanna, ticanmu na Kafanchan. Da Hausa nake rubuta miki domin da ita muka yi ƙawance: ke ba ki iya yarenmu ba, ni ma ban iya naki ba.

Mishan sun turo ni Amurka karatun nas, wata bakwai ke nan. Garin ƙarami ne, tsoho, a bakin kogin Ohayo. Ina zaune gidan wata tsohuwa, Mama Rut, wadda mijinta ya rasu. A nan aka haife ta, kuma ba ta taɓa ƙaura ba.

Ran Lahadi bayan sujada ta ja ni yawo. Ta kai ni tsohuwar matsayar jiragen ruwa inda suke wasa suna yara. Ta nuna mini layi a bangon coci, sama da kaina, inda ambaliya ta taɓa kaiwa. Kowane lungu sai ta tsaya gaisawa da wata tsohuwa, ta ce mini tare suka yi firamare. Daga nan ta tambaye ni, ni fa, ina wuraren ƙuruciyata? Na buɗe baki, sai na ga duk inda zan ambata kina ciki.

Kin tuna loko, inda babanki yake gyaran injin jirgin ƙasa? Mukan je da bokiti direba ya tsiyaya mana ruwan zafi, mu tsinci kwal a gefen layin dogo, mu koma gida baƙi ƙirin. Mamanki takan ce, "Ku biyun nan, sabulu ma ya gaji da ku."

Kin tuna Matsirga, inda ruwa yake faɗowa daga kan dutse? Lokacin hutu mukan tako daga gidanmu na Madakiya, mu lallaɓa bayan ruwan da ke zubowa, mu yi ta kiran sunan juna da ihu, ba mai jin wani. Ke ce marar tsoro. Ni kullum ina riƙe da gefen rigarki.

A ƙarshe Mama Rut ta hau da ni tudu, zuwa wani gidan jan bulo. Ta ce a ɗakin ƙarƙashinsa ne, a zamanin bauta, ake ɓoye bayin da suka gudo suka haye kogi. Na leƙa ɗakin, duhu, ba taga. Sai na zauna a matakala. Ta ɗauka sanyi ne ya kama ni.

Rumbun Baba na tuna, Ngozi.

Kin san abin da ya faru kafin nan. An yi jarrabawa kin zo ta ɗaya, na zo ta biyu, haushi ya kama ni. Na faɗa miki maganar da na tsinta a kasuwa, na ce ku koma garinku mana. Kika dube ni kika ce, "Wane gari? A kwatas ɗin reluwe aka binne cibiyata." Ba a yi sati uku ba gari ya rikice, aka shiga farautar mutanenku. Baba ya kwaso ku zuwa Madakiya ya sa ku a rumbu, kwana huɗu.

Ni ake aikowa da abinci. Nakan hau tsani in miƙa kwanon tuwon acca ta bakin rumbun. Rana ta biyu na ji muryarki daga ciki, ƙasa-ƙasa: "Saratu, ke ce?" Na yi shiru, na sauka. Ba fushi ba ne, kunya ce. Gani nake kamar bakina ne ya jawo muku.

Ranar da aka sami jirgin da zai kai ku Gabas, Baba ya ce in zo mu raka ku. Na ce cikina na ciwo. Na kwanta ina jin kukan jirgin daga nesa har ya ɓace.

Da yaƙin basasa ya ƙare, wasu daga cikin mutanenku sun dawo. Shekara guda ina zuwa tasha duk ranar jirgin Gabas, ina duban fuskoki. Na tambayi wani abokin aikin babanki, ya girgiza kai kawai. Gidanku wasu ne a ciki yanzu, sun sare gwandar da muka shuka. Baba ya rasu bara. Har ya kwanta ciwo bai daina sa sunanku a addu'ar safe ba.

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rabuwarmu. Ban san inda zan aika wannan wasiƙa ba, don haka zan ba jaridar ikilisiya, ko wani zai karanta ya san ki.

Ni ce, Ngozi. Ni ce na kawo tuwon. Ki yafe mini.

In kina raye, Ubangiji ya ba ki gari da ba mai ce miki ki tashi. In kuma kin riga ni, ya ba ki hutu a wurinsa, ya bar mini wuri kusa da ke. Amin.

Taki har yau,
Saratu